Mushen Ɗakin Su Ɗalha

Kwana tara Ƙande ba ta ci tuwo ya zauna mata ba. Tun ranar da kumandan Faransa ya sa aka rubuta autanta Ɗalha cikin yaran Yekuwa da za a kai lakwal, wato makarantar boko ta kwana, a Magarya take cikin zulumi. Ko jakinta, wanda ƙanenta Mutari ya kai yaron a kansa ya dawo a ƙasa yana cewa ya bar shi can ya huta, ba ta bi ta kansa ba.

Saƙon da Ɗayyabu mai fataucin gyaɗa ya kawo shi ya ƙarasa ta. Ɗalha ya ce a gaya wa Inna, su sababbin shiga an ware musu ɗaki guda, nan kwana nan karatu, kuma Baturen lakwal ya haɗa su da mushe.

Mushe! Ɗan da ko kaza aka yanka sai ta tambayi wanda ya riƙe wuƙar? Ta yi ta juya maganar ita kaɗai, ran na goma ta tare Ɗayyabu a bakin rijiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Yaya Ƙande! Mushe ai malami ne da bakin Faransa. Duk mai riƙe alli a lakwal, mushe ake ce masa."

"To yaron ya ce fa yana wari."

"Taba ce. Dukansu suna sha."

Ƙande ta ji kunya, ta kuma ji sanyi a ranta. Daga nan sai ta shiga neman fada, don an ce mai hannu a kan ɗanka shi ake wa murmushi. Kowace kasuwa Ɗayyabu ya tafi da ƙunshi, ya dawo da labari.

Ta aika goro. Ɗalha ya ce mushe ba ya cin goro, haƙoransa farare tas, su suka cinye masa. Ta aika hula mai aiki. Aka ce ta yi masa kaɗan, amma ko da barci ba ya cire ta. Ta tambaya ko yana duka. Ina! Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma a jikinsa suke koyon sunan kowace gaɓa da Faransanci. Ta ce ɗan wane gari ne wannan bawan Allah? Amsa ta zo: ɗan Yekuwa ne, Inna ma ta san shi sarai.

Nan fa Ƙande ta samu abin faɗa. Wurin daka, wurin suna, wurin kitso, mushen ɗanta ɗan gari ne, mai haƙuri, mai kunya. Mata suka yi ta lissafa zuriya ba su gano ɗan wane gida ba ne. Mutari kuwa da an taso da zancen sai ya tuna yana da aiki a gona.

Sai wata kasuwa aka ce mushe ya rame, har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙande ta ce ba a gabanta ba. Ta dama fura, ta soya zabi biyu, ta bi 'yan kasuwa a ƙafa, bayan ta yi wa matan gari alkawarin za ta zo musu da shi hutun Salla.

Da hantsi Ɗalha ya ja hannunta har ƙofar ɗakinsu. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, kai a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? Ya ɗawainiya da yara?"

Shiru. Ta ce a ranta, kunyar nan dai gaskiya ce. Ta sake gaisuwa, sannan ta ɗaga ido.

To jama'a, ku ba Ƙande shawara, me za ta gaya wa matan Yekuwa? Don abin da ke tsaye a kusurwar ɗakin ƙasusuwa ne ɗaure da waya, ƙafa huɗu, kowane ƙashi da 'yar takardarsa, hular da ta aika a ka, a wuya kuma jar layar da ta ɗaura wa jakinta da hannunta.