Baƙuwa Tana Jiran Gurbi

Tun da aka kafa dokar gurbi, ba a raɗa wa jariri suna a Funtuwa sai wani ya rasu ya bar masa wuri. Marar gurbi ba shi da katin asibiti, balle makaranta. Jikar Iya Tabawa ta kai wata biyar, har yanzu Baƙuwa ake ce mata. Ragon sunan ma tuni aka sayar da shi.

Ranar Talata Iya Tabawa ta bi layi a ofishin gurbi har azahar.

"Ɗan nan," ta ce wa ma'aikacin, "gurbina nake so in bar wa jikata."

"Iya, mai rai ba ya kyauta da gurbinsa."

"Muna yara, rediyo cewa take yi yawanmu arziki ne."

"Yanzu kuma ta ce nauyi ne. Ni dai hatimi aka ba ni in riƙa bugawa."

"To in mutum ya mutu, gurbinsa na gidansu ne?"

"In an kawo takardar rasuwa cikin kwana uku." Bai ɗago kai ba. "Na gaba."

Ta yi ta maimaita kwana ukun a ranta kamar saƙon cefane. A hanya ta saya wa jaririyar 'yan kunne. Da ta zo wucewa ta gaban kemis, Sallau mai magani ya leƙo.

"Iya, maganin hawan jininki ya iso."

"Ka ba wani, Sallau," ta ce, ba ta ko tsaya ba. "Ka dai ce wa ƙanenka mai tumaki ya ajiye mana rago."