Jan Rufi

"Ja nake so," in ji Inna, ta dangwala yatsa a kan ƙyallen.

Babban ɗanta ya yi ajiyar zuciya. Tun rasuwar Baba tsohuwar motar ke ajiye, rufinta mai naɗewa duk ya yayyage. Shi da ƙannensa suka ce a gyara a sayar. Inna ta roƙa a bar mata, suka ƙi. Yau kuma ga ta, ta biyo shi shagon mai ɗinkin rufin mota.

"Haba Inna, baƙi za a sa. Wa zai hau mota ja-wur kamar ta 'yan kwana-kwana?"

"Ni."

"Da tsufanki? Ai an ma sayar. Mai ita ke da zaɓi."

"To, tambaye shi."

Ransa a ɓace ya lalubo lambar da dillali ya ba shi, ya kira.

Sai jakar Inna ta ɗauki ƙara.

Ta zaro wata sabuwar waya, ta kara a kunne, idonta cikin nasa.

"Mai mota ce ke magana," ta ce. "Miƙo min makullina. Kai kuma ka nemi tasi."