Tarin Idrisu

Zouliha ta tsaya a gaban tukubar Boureima mai tsire, ta tara yawu, ta tofar daidai inda zai sa ƙafa. Kullum da safe sai ta yi haka, shi kuma ya rama da baƙar magana. Ran nan bai rama ba. Ya tsura wa jan yawun ido, ya daɗe, sannan ya ɗago ya dube ta. Ta gyara goron da ke kuncinta, ta wuce ranta fari, wai yau ta kashe bakin tsohon banza.

Duk Zongo an san gabarsu. Hayaƙin tukubarsa ta tagar ɗakinta yake shiga, kuma a bencinsa mijinta Idrisu tela ya koyi shan sigari kafin ya bari. Hayaƙin kaskonta na ƙosai kuwa, wanda ta tsufa tana shaƙa, ba ta taɓa sa shi a lissafi ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Ba a jima ba Idrisu ya fara tari. Tari ne mai son jama'a, da ta shigo ɗaki sai ya taso, har ya dafe ƙirji. Ita Zouliha ba ta ga-maciji da asibiti. Nata ɗan kakin da ya ƙi ƙarewa, citta da kanumfari take dafawa ta sha, wanda ya ce ta je likita kuma ya sha zagi. Amma Idrisu daban ne. Duk masifarta tana son mutumin nan, kuma tsoro ya kama ta.

Ta ce ya tashi su je. Ya ce ba inda za shi sai in ita ma za a ɗauki hoton ƙirjinta, don an ce in miji na tari, sai an duba matar ko ta ɗauka. Ta yi tsaki, ta hau zemijan, babur ɗin haya, tana mita har asibitin unguwar Cadjèhoun.

Likitan da Faransanci ya yi bayani, ita kuwa nata Faransancin bai wuce na ciniki ba. Ya ɗaga hoto a fitila, ya nuna wani tabo a huhun dama. Idrisu ya fassara mata, kansa a sunkuye: ana zaton ciwon daji ne, sai an ƙara bincike, amma in an tare shi da wuri akwai magani.

Daga asibiti tukubar Boureima ta nufa. Ta kife farantin yajinsa, ta zage shi tas, ta haɗa da iyayensa, mutane suka taru. Tana tsakiyar tsinuwa numfashi ya yanke mata, ta dafa bango. Boureima ya turo mata benci da ƙafa, ta ɗauka raini ne, ta shure bencin.

"In mijina ya mutu, kai ka kashe shi," ta ce, muryarta a dishe. "Kuma ban yafe ba, duniya da lahira."

"Allah ya ba mai ciwo lafiya, Hajiya," in ji Boureima.

Washegari ya kwashe tukubarsa ya koma can bakin titi, inda rana ke dukansa, ciniki kuma ba kamar da ba. Zouliha ta bi gida-gida tana ba da labarin yadda ta kore shi. Matan unguwa suka yi ta kallonta. Wata ta ce mata ta rame, ita kuwa ta ce wace mace ce mijinta zai kwanta ciwo ta yi ƙiba?

Aka sake kiransu, za a shiga na'urar nan mai ɗaukar hoton ciki daki-daki. Ita aka kwantar. Idrisu ya ce shi an gama nasa tana can tana cire sarƙa da 'yan kunne. Ta ce likitocin nan ba su da aiki sai wahalar da mai lafiya.

Sai ranar da za a ɗebo ɗan tsoka daga huhun a gwada. An ce mai ciwo ya zo bai ci ba, bai sha ba. Idrisu ya roƙe ta ta taya shi, kada ya ga tana ci ransa ya biya. Ta yarda, har goro ta haƙura.

A barandar asibitin suka tarar da Boureima zaune da carbi. Jinin Zouliha ya tafasa. Ta tambaye shi ko ya zo ganin aikin hannunsa ne, ko kuwa ya zo auna makara. Ta ce in yana da sauran kunya ya fita kafin ta tara masa jama'a. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Malamar asibiti ta fito riƙe da koriyar rigar marasa lafiya. Zouliha ta taɓa kafaɗar mijinta.

"Tashi, Malam. Kada ka ji tsoro, ina nan bakin ƙofa."

Idrisu bai tashi ba. Ya riƙe hannunta, idonsa ya kawo ruwa, sai a lokacin ta lura tun da gari ya waye bai yi tari ko ɗaya ba. Malamar ta wuce shi, ta miƙa wa Zouliha rigar.

"Ni lafiyata ƙalau, Zouliha," ya ce. "Boureima ne ya ce in ƙirƙiri tarin don ki yarda a duba ki, tun ranar da ya ga abin da kike tofarwa a gaban tukubarsa ba goro ba ne."