Saura Shekara Tara

"Saura shekara tara ramin nan ya cika," in ji ma'aikaciyar hukumar shara, tana naɗe igiyar awo.

Baba Sabo ya dafa sandarsa. "Hajiya, bara fa biyu kika ce."

Wurin gonarsa ce a da. Hukuma ta karɓe, ta haƙa, tana jibge sharar gari, da alkawarin in ya cika za a rufe a mayar masa. Yanzu shekarunsa saba'in da takwas. Ko sharar gidansa nan yake kawowa, don ramin ya yi saurin cika.

"Raguwa sharar take yi, Baba. Tunda takin zamani ya gagari talaka, manoma ke kwashe ruɓaɓɓiyar sharar zuwa gona."

"Wane marar imani ne ya fara wannan?"

Kafin ta amsa, amalanke ta hauro daga ramin, shaƙe da baƙin taki. Tasi'u, babban ɗansa, ke kora shanun.

Tasi'u ya sunkuyar da kai. "Baba, geron da jikokinka ke ci, da wannan ya fito."

Tsohon ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya matsa gefe, ya ba shanun hanya.