Bature Ya Ce Ya Gane

Shekara ashirin da biyu Bature yana gyaran agogo a wata rumfa a bakin kasuwa. Ba farar fata ce ta jawo masa sunan ba, bakinsa ne. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, amma kowace magana sai ya barbaɗa shi kamar gishiri. A allon rumfarsa ma kalmomin Turanci uku ya sa aka rubuta, duk na gyara, ko da yake tela maƙwabcinsa ya gaji da tambayarsa bambancinsu bai sami amsa ba.

Ciwon kai ya matsa masa, har ƙananan kusoshin agogo suka fara yi masa biyu-biyu a ido. Sai da matarsa ta yi mako tana mita kafin ya yarda suka je asibiti.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta ce, "Sannu Baba, me ke damunka?"

Bature ya gyara zaman hula, ya amsa mata da Turanci. To, wanda ya ce zai haɗiye gatari, ai sai a sakar masa ƙota. Ta auna jininsa, ta sake aunawa, sannan ta kwararo masa bayani da Turanci, minti biyar ba tsayawa. Ya cafke kalma ɗaya nan, ɗaya can, sauran suka wuce shi kamar motoci a babban titi. Kai kuwa sai gyaɗawa yake kamar ƙadangare.

Likita ta lura, ta nemo masa hanyar fita cikin mutunci. "Baba, ko in maimaita da Hausa, don Mama ma ta ji?"

"Kada ki wahalar da kanki, 'yata. Zan fassara mata a gida."

Abin da ta faɗa kuwa ba wani dogon karatu ba ne. Hawan jini gare shi, kuma ba ciwo ne da ake warkewa a rabu da shi ba. Lallaɓa shi ake yi da magani kullum, ko an ji sauƙi, sannan ya dawo bayan wata guda a sake duba shi.

A hanya matarsa ta ce, "Baban yara, me ta ce?"

"Ɗan hawan jini ne. A sha magani a warke."

"Duk wannan dogon zancen, shi ke nan?"

"Haka Turanci yake, zagaye ya yi masa yawa."

Mako uku yana shan magani, ciwon kai ya ɗauke, ido ya washe. Sai Bature ya yi lissafi irin na sana'arsa: agogo in ya tashi, rufe bayansa ake yi a miƙa wa mai shi, ba a ci gaba da ɗiga masa mai. Ya jefa sauran ƙwayoyin a aljihun tebur, tare da matattun batura.

Matarsa ta ɗauko katin asibiti. "Akwai kwanan wata a jikin nan fa. Ba ranar komawa ba ce?"

"Ta masu ciwo ce. Kin ga alamar ciwo a jikina?"

Tela ma ya sa baki. "Bature, yayana shekara tara yana shan nasa, ko fashi ba ya yi."

"Yayanka ta bakin tafinta ya ji. Ni daga tushe na ji."

Tela ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ci gaba da taka kekensa.

Bayan wata huɗu, wata safiya yana tsaka da aiki, gilashin dubawa a ido, sai hantsaki ya suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira tela, bakin ya karkace.

Da aka garzaya da shi asibiti, likitar nan dai suka tarar. Da ta ji inda ƙwayoyin suka ƙare, sai ta juya ga matarsa ta maimaita bayanin ranar farko da Hausa. Bai kai minti biyu ba.

Matar ta dubi mijinta a kwance. "Minti biyu, Baban yara. Minti biyu ka hana ni ji."

An ceto ransa, amma ɓarin dama ya shanye, kuma da shi yake riƙe hantsaki. Yanzu wani mai sayar da takalma ne a rumfar. Allon nan yana nan da kalmominsa uku na gyara, babu wadda ta gyara komai.

Harshen Bature ya yi nauyi, Hausar ma ɗai-ɗai take fita. Amma duk ranar asibiti, in likita ta gama magana, yakan tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ban gane ba. Maimaita." Sai ta maimaita. Har yau ba a ga wanda ya yi masa dariya ba.

Jama'a, musamman mu maza masu furfura da muka fi tsoron kunya a kan ciwo: jin sauƙi ba warkewa ba ne, kada a ajiye magani sai likita ya ce a ajiye. In an yi maka bayanin lafiyarka da harshen da bai zauna maka ba, ka ce a faɗa da naka. Kunyar "ban gane ba" ta minti ɗaya ce, ta gyaɗa kai kuwa tana iya tafiya da hannunka.