Hujin Jirgin Kamilu

Ina tsaye bakin Binuwai, na zo ganin ƙwaf, sai ga wani jirgi ya ɓullo daga ƙarƙashin ruwa, duk laka. Ɗaliban injiniya suka kaure da ihu. Gangunan mai da babu komai ciki suka ɗaura masa, yadda malaminsu Abdulhalim ya koya musu. Ya daɗe yana hana su taɓa wannan jirgi, su kuwa suka shirya cirowa a ɓoye don su burge shi ranar da zai ajiye aiki.

Jirgin marigayi Kamilu ne. Duk Garwa an ce gyangyaɗi ya yi, ya daki dutse, jirgin ya nutse. Baƙin cikin zancen ne ya kashe shi.

Khaula, uwar rawar kan ajin, ta shafa hujin da ke jikin jirgin.

"Malam, ai dutse ba ya yanka haka! Wutar walda ce, daga ciki. Kuma bahago ne, dubi yadda yankan ya karkata. Kai ka koya mana!"

Malam ya tura hannun hagunsa cikin aljihu.

Ni da gulma ba ta wuce ni a unguwarmu ta Pumpumre! Kamilu mijina ne. Ina fita takaba Malam ya aure ni. Shekara ashirin ke nan ina tuƙa masa tuwo.