Rabon Akuya

Da aka dawo daga binne matarsa, ya zauna kan tabarma a ƙofar gida. Ko zafin rana ba ya ji.

Bayan girbi ne malaman gona suka raba wa manoman Kura buhunan wake. Suka ce an haska shi da wata na'ura, ƙwaro ba zai taɓa shi ba, ba sai an zuba magani ba. A majalisa kuwa aka ce hasken yana kashe haihuwa.

"Maigida, mu ɗanɗana mana," in ji matar tasa a lokacin, tana shafa cikinta.

"Da cikin nan? Allah ya kiyaye!"

Ya juye wa akuya buhun. Nasa waken kuma ya yayyafa masa maganin ƙwari na fiya-fiya, yadda kowa ke yi, ya ɗaure. Shi ta dafa jiya, yana can yana ban ruwan tumatir. Likita ya ce gubar maganin ce.

"Sai haƙuri," in ji masu gaisuwa. Yana ta gyaɗa kai.

Can sai ga akuyar ta ratso tsakanin tabarmi, ta yi ɓul-ɓul, 'ya'ya biyu na bin ta suna neman nono.